Kujera Mai Lamba Ashirin da Biyar

Baba: Salamu alaikum. Alo? Wa ke nan?

Malama: Wa alaikumus salam. Baba, ni ce. Ina wuni?

Baba: Wa? Ɗaga murya, mai walda ya tayar da injinsa a bakin shagona.

Malama: Ni ce, Baba! Autarka!

Baba: Au, Uwata! Malamar malamai. Lafiya lau. Ya aiki, ya ɗalibai?

Malama: Da godiya. Ya gida, ya Inna? Ya ƙafar taka?

Baba: Ƙafa da sauƙi, sai in hadari ya haɗu take tuna mini tana nan. Innarki ta je duba yayarki, yaron ne ke haƙori. Ke dai lafiya?

Malama: Lafiya ƙalau. Ya kasuwa?

Baba: Kasuwa sai godiya, gado ɗaya nake ta fama da shi tun makon jiya. Ke, dariyar me kike yi? Kuma me ya sa kike magana ƙasa-ƙasa kamar mai satar nama a tukunya?

Malama: A sito nake, Baba, na ɓuya a bayan katakai. Wayyo cikina!

Baba: A sito? Biyo ki aka yi?

Malama: A'a. Baba, zauna. Kana zaune?

Baba: Ina tsaye da zarto a hannu.

Malama: Ajiye zarton. Baba, yau ka rubuta jarrabawa a kwalejinmu.

Baba: Na rubuta me?

Malama: Jarrabawa! Har an ba ka maki!

Baba: Uwata, rana ce ta buge ki? Ni da ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba sai in an kira ni gyaran benci?

Malama: Bari in ɗauko maka daga tushe. Ka tuna babban malamin nan na sashenmu na aikin katako, wanda ɗalibai ke kira Jan Biro?

Baba: Wanda kika ce shekara ashirin da shida bai taɓa ba ɗan Adam maki saba'in ba?

Malama: Shi fa. To, ɗalibaina na ajin ƙarshe su ashirin da huɗu ne, kowa ya yi kujera ɗaya, ita ce jarrabawarsa ta fita. Na duba, na ba su maki, duk suka ci. Sai ya kai ƙarata wurin Shugaban Sashe, wai ina rabon maki kamar sadaka.

Baba: Kamar me? Layin ya ɗauke.

Malama: Sadaka!

Baba: To, in aikin ya yi kyau a hana su ne?

Malama: Shi ne aka kafa kwamiti na malamai uku, har da shi, su sake duba kujerun. Dokar ita ce, in makinsu ya yi nisa da nawa da fiye da goma, a soke sakamakon, yaran su maimaita shekara. Ni kuma kwantiragina da zai ƙare ƙarshen watan nan ba za a sabunta ba.

Baba: Inna lillahi! Korarki za su yi? Tun yaushe ake wannan magana?

Malama: Mako uku ke nan.

Baba: Mako uku, kuma kullum in na kira sai ki ce mini lafiya lau?

Malama: Hawan jininka na ji wa tsoro, Baba.

Baba: Ai ga shi yanzu kin hau da shi gaba ɗaya! Kuma kina dariya. Ke dai tun kina ƙarama in kin ji tsoro dariya kike yi.

Malama: Tsaya ka ji mana. Yau aka yi duban. Yadda ake yi, babu suna a jikin kujera, lamba kawai ake liƙawa. Sunayen suna cikin ambulan a rufe a aljihun Shugaba. Malamin da ake bincikar makinsa kuma ba ya shiga ɗakin aikin, ko ta taga ba a yarda ya leƙa ba. Tun safe ina zaune a laburare ina cin farce.

Baba: Su kuma suna ciki suna me?

Malama: Ɗaya bayan ɗaya suke shiga, babu mai magana da wani, kowa da fom ɗinsa. A duba awo, a duba haɗi, a shafa a ji sumul, a duba zanen da ɗalibi ya yi kafin ya fara, sai a gwada ƙarfi.

Baba: Da me suke gwada ƙarfin? Inji gare ku?

Malama: Da Shugaban Sashe.

Baba: Da wa?

Malama: Da Shugaba kansa! Baba, ba ka gan shi ba ne, a kaikaice yake shiga ƙofar ofishinsa. Tun kafin in zo haka ake yi. Zai zauna a kan kowace kujera, ya jingina, ya yi lilo sau uku. In ta yi shiru, cikakken maki. In ta yi kuka, a rage.

Baba: Kai! Wallahi wannan ya fi inji. Allah ya ƙara masa ƙiba. Akwai wadda ta karye?

Malama: Ko ɗaya! Lamba tara ce kawai ta ce ƙiii, ita ma a lilo na uku.

Baba: Madalla da yaran nan. To, makin ya zo daidai?

Malama: Da aka haɗa na mutum ukun aka raba, mafi nisa da nawa bakwai ne. Biyu daga cikin malaman ma sun fi ni ba su maki.

Baba: Alhamdu lillahi! To magana ta ƙare, me ya kai ki sito?

Malama: Ba ta ƙare ba. Da Shugaba ya buɗe ambulan, suna ashirin da huɗu. Kujeru kuma ashirin da biyar.

Baba: Haihuwa ɗaya ta yi?

Malama: Ka san ana yi wa ofisoshinmu fenti, an fitar da kayan kowa baranda. Mai kula da sito yana jera kujerun ɗalibai da safe, ya ga wata a gefe iri ɗaya da su, ya ɗauka an manta da ita ne. Ya goge mata ƙura, ya liƙa mata lamba ashirin da biyar, ya shigar. Babu wanda ya ƙirga, kowa fom ɗinsa yake kallo.

Baba: Wace kujera?

Malama: Tawa, Baba. Ta ofis. Wadda ka yi mini lokacin da na samu aikin.

Baba: Tawa? Ta maɗacin nan?

Malama: Ita!

Baba: Tsaya. Ya aka yi ta zama iri ɗaya da ta yaran?

Malama: To... fasalinta na ba su su yi.

Baba: Au! Ashe sata ake yi mini a kwaleji ban sani ba! Shekara biyu ana koyar da kujerata, ko goro?

Malama: Gado ne, Baba, ba sata ba.

Baba: Gado ina raye? To, to. Ni ba ruwana da makinsu. Shekara hamsin ina riƙe da guduma, ba sai wani mai biro ya gaya mini... Nawa suka ba ta?

Malama: Ka ce ba ruwanka.

Baba: Tambaya kawai na yi.

Malama: Malamin farko ya ba ta casa'in, na biyu casa'in da ɗaya.

Baba: Shi gogan fa?

Malama: Ka ajiye zarton?

Baba: Uwata, kada ki ja mini rai!

Malama: Casa'in da huɗu.

Baba: Casa'in da...

Malama: Alo? Baba? Kana ji na?

Baba: Ina nan. Cikin ɗari?

Malama: Cikin ɗari! Mutumin da saba'in ke yi masa ɗaci a baki! Har ya rubuta a ƙasan fom da jan biron nasa, wai bai taɓa ganin haɗi irin wannan ba.

Baba: Kai, mai walda! Kashe injin nan ka ji! Casa'in da huɗu na ci a kwaleji! Eh, ni! Me za ka sani, kai da ƙarfe kawai ka iya ƙonawa? Uwata, ina shidan?

Malama: Wane shida?

Baba: Ragowar makina. Ina ya kai su?

Malama: Biyar na zane ne, babu takardar zane a jikinta.

Baba: Zanen yana cikin kaina, ya zo ya duba. Ɗayan fa?

Malama: Ya ce a ƙa'idarsa ba a ba ɗan Adam cikakken maki.

Baba: Wannan kam ya yi gaskiya, na yafe masa ɗaya. Biyar dai muna da magana.

Malama: Baba, saurara, a nan matsalar take. Da aka ga kujera babu mai ita, sai ya miƙe ya ce abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Wai wannan ba hannun ɗalibi ba ne, daga waje aka sayo ta aka cusa, kuma da sanina. Wai maguɗin jarrabawa.

Baba: Maguɗi? Ke?

Malama: Aka aiko aka kira ni. Ina shiga na ga kujerata a kan babban tebur, manyan malamai sun kewaye ta, kowa ya ɗaure fuska. Baba, wallahi na yi ƙoƙari, na ciji leɓe, amma dariya ta ƙwace. A gaban kwamiti!

Baba: Kin kashe kanki.

Malama: Na ce musu ta ofishina ce, mahaifina ne ya yi ta. Mai sito ma ya amsa kuskurensa. Shi kuwa ya ce bakinmu ɗaya, kowa in an kama shi zai ce ubansa ne. Ba zai sa hannu a rahoton ba sai an kawo hujja, kuma ƙarfe huɗu ake kai rahoton hukumar kwaleji. In babu hannun mutum uku, shi ke nan. Shi ne na gudo sito in kira ka.

Baba: Yanzu ƙarfe nawa?

Malama: Saura minti ashirin.

Baba: Kuma kika tsaya tambayata ƙafa da kasuwa? Kai ni wurinsa!

Malama: Me za ka ce masa? Kana da hotonta, ko wata takarda?

Baba: Takardar me? Ni na yi ta. Fita daga siton nan, ki sa wayar yadda kowa zai ji.

Malama: To, ina tafiya. Baba, don Allah kada ka yi masa maganar maki biyar.

Baba: Ba zan yi ba.

Malama: Ka yi alkawari.

Baba: Layin ba ya da kyau, ban ji ba.

Malama: Baba! To, ga mu. Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, ga mahaifin nawa a waya, kowa na jin sa.

Jan Biro: Salamu alaikum, dattijo. Barka da wuni.

Baba: Wa alaikumus salam, Malam. Ina gajiya? Ya iyali, ya fama da yara?

Jan Biro: Lafiya. Dattijo, lokaci ya ƙure mana. An ce kai ka yi kujerar da ke gabanmu. Da wane itace?

Baba: Maɗaci ne, wanda ya shekara huɗu yana bushewa a rufin shagona. Babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a jikinta, turakun itace ne, na ƙirya.

Jan Biro: Wannan duk wanda ya kalle ta zai faɗa. Ita ma Malama tana iya gaya maka kafin ta shigo.

Baba: Haka ne, ka yi gaskiya. To bari in gaya maka abin da ita ma ba ta sani ba. Kifar da ita.

Jan Biro: Na'am?

Baba: Kujerar, Malam. Ƙafafu sama.

Jan Biro: Na kifar.

Baba: Duba ƙafar baya ta hagu, ta ciki, daidai inda ta haɗu da mazauni. Sa yatsa. Za ka ji wani ɗan turke da bai kai ƙwayar wake ba, ya ɗan fi sauran lotsawa.

Jan Biro: Babu komai a nan.

Baba: Hagunka in kana zaune, ba hagunka in kana kallo ba.

Jan Biro: Af. To... na ji shi.

Baba: Danna shi da ƙarfi, ka riƙe. Da ɗaya hannun ka tura sandar da ke ƙasan mazauni zuwa dama. Amma ka ce mutane su ja baya da ƙafafunsu.

Jan Biro: Ban ga abin da zai... Subhanallahi!

Malama: Wayyo Allah! Baba! Ta wargaje! Ta zube gaba ɗaya!

Baba: Ba wargajewa ta yi ba, kwancewa ta yi. Wa ke wannan tari?

Malama: Shugaba ne, dariya ta sarƙe shi, ya riƙe tebur. Ya ce ɗazu fa ya yi lilo a kanta sau uku! Malam kuma ƙafa ɗaya ce ta rage a hannunsa!

Baba: Ƙirga, Malam. Guda goma sha ɗaya za ka samu, ban da turaku.

Jan Biro: Takwas, tara... goma sha ɗaya. Babu gam. Ko ɗigo babu gam a cikinta! Dattijo, me ke riƙe da ita?

Baba: Nauyin mai zama. Iya nauyinka, iya yadda take ƙara cijewa. Shi ya sa Shugabanku bai ji komai ba, gata ma ya yi mata.

Jan Biro: Shekara ashirin da shida ina koyar da haɗi, a littafi kawai na taɓa ganin mai kama da wannan. A ina ka yi karatu?

Baba: A ƙarƙashin bencin maigidana, da ranƙwashi. Yauwa Malam, tunda ga mu, maganar maki biyar ɗin nan na zane...

Malama: Baba!

Baba: Tambaya ce kawai, Uwata.

Jan Biro: Ƙa'ida ce, dattijo. Babu zane, babu maki.

Baba: To mayar da ita yadda take, tunda ga ta a gabanka ɓaro-ɓaro, ta fi zane.

Jan Biro: Wannan... wannan sandar a nan take shiga?

Malama: A'a, ranka ya daɗe, ka juya ta. Ni ma dai ban sani ba. Baba, shekara biyu ina zaune a kanta, ban taɓa sanin tana kwancewa ba!

Baba: Malamar katako ke nan. A rage mata biyar ita ma.

Malama: Amma me ya sa ka yi ta haka? Kujerar ofis ce fa, ina za ta je?

Baba: Bar wannan maganar.

Malama: A'a, faɗa mini.

Baba: Mutane na ji.

Jan Biro: Ni ma ina so in sani, dattijo.

Baba: To. Ranar da ta kawo mini takardar aikin, na sa aka karanta mini, aka ce na shekara biyu ne, in an ga dama a ƙara, in ba a ga dama ba a sallame ta. Ni kuma na san yadda ake sallamar mutum, an taɓa yi mini. Ka fito da kayanka a ka, kana neman mota, waɗanda kuka yi aiki tare suna leƙenka ta taga. Na ce 'yata ba za ta tsaya a bakin ƙofa da kujera a ka ba. In ranar ta zo, in kira ta in gaya mata inda turken yake, ta zuba ta a buhu, ta fito kamar mai dawowa daga cefane. Shi ke nan dalilin.

Malama: Baba...

Baba: Kada ki yi mini kuka a gaban manya. Ke da kika shigo da dariya.

Malama: Ba kuka nake ba, ƙurar katako ce.

Jan Biro: Malama, miƙo mini rahoton nan. Shugaba, ara mini baƙin biro, nawa ba ya sa hannu a irin wannan.

Baba: Me ya ce? Alo? Injin nan ya sake tashi. Uwata, me ake yi?

Malama: Tsaya, Baba... yana karantawa... ya juya shafi... Ya sa! Ya sa hannu! Shugaba ma ya sa! Yarana sun fita, duk ashirin da huɗun!

Baba: Ke fa?

Malama: Shugaba ya ce rahoton ne zai tafi da takardar sabuntawa, yau ɗin nan. Ina nan, Baba! Ina nan!

Baba: Allahu akbar. Alhamdu lillahi. Malam, Allah ya saka da alheri. Biyar ɗin nan na bar maka, ka ƙara wa mai lamba tara.

Jan Biro: Ba a yin haka, dattijo. Amma in za ka yarda, zango mai zuwa ka zo ka nuna wa ɗalibai wannan haɗin. Ni zan zauna a layin gaba.

Baba: Zan zo, amma ka taho da zanenka. Uwata, ɗauke ni daga kunnen jama'a.

Malama: Na ɗauke, ni kaɗai ke ji. Baba, katina ya kusa ƙarewa, har an yi mini gargaɗi. Gaya mini da sauri yadda zan haɗa ta.

Baba: Ƙafafun baya tukuna, sai majingina, sai sandar ƙasa daga dama zuwa hagu. Turken nan shi ne na ƙarshe. Kina ji?

Malama: Ina ji.

Baba: Akwai gam a sitonku?

Malama: Akwai, me za a yi da shi?

Baba: Ki sa mata wannan karon. Kowace gaɓa, kada ki yi rowa.

Malama: Baba, ai in na sa ba za ta sake kwan...

Baba: Na sani. Ki sa mata.

Malama: Baba? Alo? Alo, Baba?